Darasi Na 14: Darbejiya Da Tsutsar Sauro

Jama'a, kowa ya san sauro. Macen ita ce mai cizo, ita ce kuma mai kawo zazzaɓi. Zazzaɓin nan ya fi kashe yara ƙanana, yana kuma wahal da mata masu ciki. Yana kwantar da manomi da damina, lokacin da gona ke bukatarsa.

Sauro a ruwa yake haihuwa. Macen takan saka ƙwai a kududdufi, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, ko sawun shanu da ruwa ya kwanta. Bayan kwana 2 ko 3 sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Tsutsar takan yi saɓa kamar maciji har sau 4. Cikin kwana 10 zuwa 14 ta zama sauro, ta tashi.

A shekarar 1954 aka fara fesa magani a ɗakunan mutane a ƙasar Birnin Kebbi. Da fari sauro ya mutu ƙwarai. Amma a 1955, a garin Ambursa, sai aka tarar da sauron da maganin dieldrin ba ya kashe shi. Me ya sa? Raunana sun mutu, masu taurin rai sun tsira. Su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaji taurin. Har yau sauron ƙasashenmu yana jure magunguna da yawa na kanti.

To, ina dabara? A tare shi tun yana ruwa, kafin ya yi fiffike. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga darbejiya a ƙofar gidanmu. Wasu na kiranta dogon yaro, wasu bedi. Asalinta daga ƙasar Indiya ne. Cikin ƙwallon 'ya'yanta akwai wani sinadari mai ɗaci. Ba ya kashe tsutsa nan take kamar maganin kanti. Hana ta saɓa yake yi, ta kasa girma, ta mutu a ruwa. Da yake hanyarsa dabam ce, taurin da sauro ya gada ba shi ne zai kare tsutsar ba.

An gwada wannan a ƙauyen Banizumbu, a Jamhuriyar Nijar, da daminar 2007. An daka 'ya'yan darbejiya, ana barbaɗawa a kududdufai sau 2 kowane mako. Sauron zazzaɓi ya ragu da kusan rabi.

Ga yadda ake yi:

1. A tsince 'ya'yan da suka nuna, a wanke, a shanya a inuwa.
2. A daka a turmin da ba a abinci da shi.
3. A barbaɗa garin bisa ruwan da ya kwanta.
4. A maimaita sau 2 a mako, gama rana tana kashe ƙarfinsa.

A yi hattara. Kada a zuba a rijiya, ko randa, ko tafkin kifi, ko inda dabbobi ke sha. Kada a bar yara su ci garin. Ƙaramin rami kuwa, cike shi da ƙasa ya fi.

Aikin nan na gayya ne, don sauron maƙwabcinka naka ne. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi asibiti ran nan.

Tambayoyi

1. Ina sauro ke haihuwa?
2. Me aka gani a Ambursa a 1955?
3. Yaya darbejiya ke kashe tsutsa?
4. Wane ruwa ne ba a zuba masa garin?
5. Ƙidaya kududdufan unguwarku, ka rubuta yawansu.