Haɗa Ado da Keken Ɗinki

Kowa ya ga riga mai aska takwas ya san an sha aiki. A zamanin dā da hannu kaɗai ake yin irin wannan ado, maɗinki ya yi wata da watanni a kan riga guda. Yanzu kuwa teloli da yawa da keke suke yi.

Wani mutumin Amurka, wai shi Isaac Singer, ya fito da kekensa a shekarar 1851. Irin wannan keke da zare biyu yake aiki, ɗaya a allura daga sama, ɗaya a ƙoshiya daga ƙasa, su sarƙe a cikin yadi. Kekunan farko ɗinki miƙaƙƙe suke yi. Daga baya aka ƙero waɗanda allurarsu ke zuwa dama da hagu, da haka ado ya yi sauƙi.

To, yara, ku lura da ɗinki iri uku. Na fari shi ne miƙaƙƙe. Na biyu mai kama da haƙoran zarto. Na uku shi ne cike, watau haƙoran zarton nan ne aka matse su har ba a ganin yadi. Ko wanne shi kaɗai ba shi da wani kyan kirki, sai an haɗa su bisa tsari.

Ga yadda gwani yake yi a wuyan riga. Sai ya ja layi da alli. Ya fara ɗora cike a tsakiya. Sa'an nan ya bi dama da hagu da haƙoran zarto, kāna ya rufe gefe biyu da miƙaƙƙe. Layi biyar ke nan, sun zama ado guda. Don me yake farawa daga tsakiya? Don ita ce ma'auni. In ta karkace, sauran duka sun karkace.

Kafin ya taɓa rigar mutane, sai ya gwada a ƙyalle. In zaren sama ya cika tsauri, yadi zai tattare. In ya yi sako-sako, zai yi tsumma a ƙasa. Yadi marar kauri kuwa akan shimfiɗa masa takarda a ƙarƙashi, a yage ta bayan an gama. Tela mai gaggawa yakan ƙi gwaji, ya ɓata shadda mai tsada. Ko ya warware, sawun allura yana nan, ga biyan kuɗi, ga kunya. Hausawa sun ce, sauri ya haifi nawa.

Tambayoyi

1. Da zare nawa keken ɗinki yake aiki?
2. Don me ake fara ado daga tsakiya?
3. Ku zana layukan nan biyar a littattafanku.