Guba Don Ɓera, Ba Don Kaji Ba

Ɓera babban abokin gaba ne ga manomi. Yana cin masara da dawa da acca a rumbu, yana kuma yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Saboda haka mutane daga Sabon Tasha har Kafanchan sukan sayi maganin ɓera su gauraya da tsaba. Amma tsabar da ɓera ke so, ita kaji da zabi da tantabaru ke so. Sau da yawa magidanci yakan wayi gari ya tarar da kajinsa a mace, ɓera kuwa yana nan.

Abin da masana suka gwada

Wannan matsala ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A ƙasar Niyu Zilan ana watsa wata guba mai suna 1080 cikin dazuzzuka don kashe ɓeraye. Ana rina abincin gubar kore, domin tsuntsaye ba su cika kula koren abinci ba. Duk da haka, a 2008 wasu daga cikin akun tsaunukan ƙasar, da ake kira kea, suka ci suka mutu.

Sai masana suka gwada ƙara sinadarai biyu. Na farko, fulegon, yana da warin na'ana'a mai ƙarfi, wanda ke korar tsuntsu kafin ya ci. Na biyu, antirakwinon, yana ɓata wa tsuntsu ciki, sai ya koyi gudun abincin. Kowanne yana da aibinsa: warin fulegon yakan gushe da wuri, antirakwinon kuwa yakan sa ɓera ma ya rage ci. Wato sinadari yana rage haɗari, amma ba ya kawar da shi.

Abin da magidanci zai yi

1. Kada a zuba barkono cikin abincin guba da nufin korar kaji. Tsuntsu ba ya jin yajin barkono. Ɓera ne ke jinsa ya gudu.

2. A sayi magani mai lambar rajistar NAFDAC, a bi umurnin da ke jikinsa.

3. A sa abincin cikin guntun gora ko bututu mai ƙaramin baki, inda kaza da yaro ba za su kai ba.

4. A ajiye da magariba bayan kaji sun shiga akurki, a kwashe da asuba.

5. A binne mushen ɓera da zurfi, ba tare da taɓa shi da hannu ba. Mujiya da kyanwa sukan mutu idan sun ci, alhali su ne ke kama ɓera kyauta.

6. Kada a ci kazar da guba ta kashe, kada kuma a kai ta kasuwa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.