DARASI: ƘARFIN ZUCIYAR MA'AIKACIN LAFIYA

'Yan'uwa, a wannan darasi bari mu duba mutanen da ke duba mu. A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021, an sami cutar a jinin yara 49 cikin 100 a Jihar Kebbi. Babu jihar da ta kai haka. Da damina, lokacin da Gulbin Rima ke malala cikin fadamun Argungu da Birnin Kebbi, masu raba maganin rigakafi suna bin gida gida wata wata, saboda yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ma'aikaci yana ba da maganin ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa. Idan ya gaji har ya kasa zama ya yi mata bayani, aikin ya lalace.

Me ke riƙe mutum a irin wannan aiki? Wani malami a Jami'ar Nebraska ta Amurka, Fred Luthans, da abokansa sun fitar da littafi a 2007 a kan halaye huɗu: sa rai, yarda da iyawar kai, juriya, da kyakkyawan zato. Sun nuna masu su sun fi jin daɗin aiki, sun kuma fi yin sa da kyau. Abin da ya fi mana amfani shi ne ana iya koyonsu.

Sa rai ba zaman jira ba ne. Mai sa rai yana da inda ya nufa, yana kuma da hanya fiye da ɗaya. Ruwa ya cinye hanya, sai ya nemi kwalekwale. Maigida ya hana shiga, sai ya koma tare da mai unguwa. Haka masu ɗigon shan inna suka yi ta komawa bayan an ƙi maganin a wasu jihohin Arewa a 2003, har aka shaida a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka.

Yarda da kai kuwa daga ƙananan ayyuka take farawa. Sabuwar ma'aikaciya ta tsaya ta ga yadda ungozoma ta gari ke karɓar haihuwa, sa'an nan ta gwada a gabanta. Tsawa a gaban marasa lafiya tana rushe wannan cikin rana ɗaya.

Amma kada mu ruɗi kanmu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gajiyar da ke kashe zuciyar ma'aikaci daga wahalar wurin aiki take fitowa. A ganinmu, babu adalci a ce wa mutum ya jure alhali ɗakin shan magani babu magani, albashi kuma ya makara. Kwamitin lafiya na ƙauye yana iya kai wannan kuka ga ƙaramar hukuma. Yana kuma iya shirya masauki da mai jirgi kafin ruwa ya taso a watan Agusta.