Yadda ake matse bidiyo

Bidiyo hotuna ne masu bin juna da sauri, kamar 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Suna cin wuri ƙwarai. Don haka ake matse su: a ajiye hoto guda cikakke, a na bayansa kuwa sai abin da ya sake kaɗai.

Kafin mu kalla, sai an kwance su. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi wannan aiki ita kaɗai, sai ta yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Shi ya sa aka ƙera wa na'urar hoto wani sashe mai matsewa da kwancewa. Na kamfanin Intel, Quick Sync, ya fito a 2011.

Tambayoyi
1. Don mi ake matse bidiyo?
2. Mi ke saurin cinye batir?