Wakilin Dukiya: A Naɗa Shi Tun Ana da Lafiya

Ya ku 'yan kasuwar Aboabo da babbar kasuwar Tamale, ku da iyalanku: hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Shanyewar ɓarin jiki ko haɗarin babur na iya kwantar da mai shago watanni a Asibitin Koyarwa na Tamale, kuɗinsa na kulle a banki da waya, iyalinsa kuwa na yawon neman rancen kuɗin magani. Tun daga Yulin 2022 bankunan ƙasar nan ba sa karɓar wata shaida sai Ghana Card, kuma zama mata ko ɗa ga mai asusu ba ya ba kowa ikon cire ko sidi ɗaya.

Mene ne wakilci?

Takarda ce da kuke ba wani amintacce izinin yin hulɗar kuɗi da sunanku. Doka mai lamba 549 ta shekarar 1998 ce ta tsara ta a Ghana. Kuna sa hannu a gaban shaida ɗaya, shi ma ya sa nasa. Idan hannu ya gaza, wani zai iya sa hannu a madadinku, a kan idonku, gaban shaidu biyu. Wanda ba ya karatu, wajibi ne a karanta masa, a fassara masa da harshen da yake ji, a kuma rubuta a takardar cewa an yi hakan.

Ina iyakarta?

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Takardar tana aiki ne muddin hankalinku na nan, ko da jiki ya kwanta. Idan hankali ya gushe, bisa ƙa'idar shari'ar da Ghana ta gada daga Ingila, ikon wakili ya faɗi. Daga nan sai iyali su nufi kotu ta naɗa mai kula da majiyyacin, kamar yadda dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai lamba 846 ta 2012 ta tanada. Haka kuma wakilci yana ƙarewa da rasuwa. Abin da ya biyo baya maganar gado ce.

Abin da za ku yi

1. Ku zaɓi mai amana da iya lissafi, wanda yake zaune kusa. Girman shekaru kaɗai bai isa ba.
2. Ku ƙayyade aikinsa dalla-dalla: biyan magani, hayar shago, kuɗin makaranta, sabunta katin inshorar lafiya. Idan ba ku yarda ya sayar da gida ko fili ba, a rubuta.
3. Ku kai takardar bankinku tun kuna tsaye da ƙafafunku, ku tambayi sharuɗɗansu, har da na buɗe asusun haɗin gwiwa, wanda ko wannenku zai iya cire kuɗi.
4. Ku ajiye littafi: masu binku bashi, waɗanda kuke bi, da abin da ke hannun mai karɓar susu.
5. Ku sa mutum na biyu ya riƙa duba lissafin wakili kowane wata.
6. Masu saro albasa daga Nijar ko shigo da kaya ta iyakar Paga, ku binciki yadda ake tabbatar da irin wannan takarda a can, domin kowace ƙasa da dokarta.

Kada ku ɗauki raba lambar sirrin kuɗin waya a matsayin wakilci. Ba ta bar shaidar izini ba, kuma ta nan zargi ke shiga tsakanin 'yan'uwa.

Ku tara iyali ku faɗi wanda kuka zaɓa da bakinku, don kada a yi musu a bayan idonku. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da ke Tamale. Sannan ku auna jininku a cibiyar lafiya mafi kusa a cikin makon nan.