Cin Iyaka Da Hukuncinsa A Musulunci

Jama'a, in aka ambaci zalunci, sai hankalin yawancinmu ya tafi ga sarakuna da masu mulki. Lalle akan sami azzalumai a cikinsu. Amma akwai wani zaluncin da talaka ke yi wa talaka ɗan'uwansa, ba dogari ba bulala, da garma kawai, shi ne cin iyaka. Ruwa ya sauka, mutum ya zo huɗa, sai ya haɗa da kunya ɗaya ta maƙwabcinsa. Baɗi ya ƙara wata. Kafin a ankara gambar da kakanni suka dasa don alama ta koma cikin gonarsa, ya bi dare ya tumɓuke ta.

To, a sani Musulunci bai ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Imam Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya la'anci wanda ya sauya alamar iyakar ƙasa, kuma a wuri guda ya ambace shi da mai yanka don wanin Allah da mai la'antar iyayensa. A duba a ga da su wa aka jera shi.

Akwai labarin da ya kamata kowane manomi ya sani. A zamanin Mu'awiya, lokacin da Marwanu ɗan Hakamu ke riƙe da Madina, wata mata mai suna Arwa 'yar Uwaisu ta kai ƙarar Sa'idu ɗan Zaidu, wai ya ci mata fili. Shi kuwa Sa'idu ba ƙaramin mutum ba ne: yana cikin goman nan da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma shi ne mijin Fatima, 'yar'uwar Sayyidina Umar. Ya ce yaya za a yi ya taɓa ƙasarta, alhali ya ji Annabi da kunnensa yana cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama? Marwanu ya ce ba ya bukatar wata shaida bayan wannan. Sa'idu ya roƙi Allah, in ƙarya matar take yi, Ya makantar da ita, Ya kashe ta a cikin filin nata. Haka kuwa aka yi. Ta makance, wata rana tana tafiya a cikin filin ta faɗa rami, nan ajalinta ya same ta. Mai ƙaryar an ci masa iyaka, ke nan, shi ma azzalumi ne, daidai da mai cin.

Wani zai ce, ai ni alƙali ne ya ba ni, ga takarda da hatimi. Madalla. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a Nijeriya, takardar mallaka ta yi ƙarfi ƙwarai, kuma yana da kyau kowa ya nemi tasa. Sai dai takarda ba ta mayar da haram halal. Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi da kansa ya gargaɗi masu kawo masa ƙara, cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wani ya fi wani iya tsara magana. Wanda duk aka yanke masa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, guntun wuta aka yanko masa. In hukuncin Manzon Allah bai halatta wa maƙaryaci kayan wani ba, ina ga na alƙalin da aka yaudara da shaidun zur?

Mafi muni shi ne cin iyakar da ake yi cikin gida. Uba ya rasu, manyan 'ya'ya maza su riƙe gona, a ce mata ai suna gidan aure, me za su yi da ita? Alhali Allah Ya yanka musu rabonsu a Suratun Nisa'i, kuma bai ware gona daga cikin abin gado ba. A surar nan dai aka ce mai cin dukiyar marayu wuta yake zuba wa cikinsa. Kunya ce ke hana matan magana, shirunsu kuwa ba yafewa ba ne. Haka nan manomin da ya nome burtali da makiyayin da ya tura shanu cikin dawar wani, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

To, wanda ya san ya ci, ina mafita? Malamai sun ce laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa nadama da dainawa da ƙudurin ba za a koma ba sun isa. In kuwa haƙƙin mutum ne, sai an ƙara da mayarwa. Hajji ba ya ɗauke shi, tahajjud ba ya ɗauke shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna cewa mai ƙwace ba shi da rabo a amfanin abin da ya ƙwata, sai ya biya abin da ya ci. Saboda haka a je wurin mai gonar, a kira mai unguwa da dattawan da suka san iyakar asali, a mayar da alama inda take, sannan a yi lissafin damman da aka ci shekara da shekaru, ya karɓa ko ya yafe da bakinsa. In ya rasu, magadansa ake nema. In an bincika iyakar ƙoƙari ba a sami kowa ba, sai a kimanta abin a yi masa sadaka da shi.