DARASIN KIWON LAFIYA: HAWAN JINI, CIWON DA BA YA SALLAMA

 Darasinmu na wannan karo a kan hawan jini ne, wanda ake ce wa tansiyo a gidan likita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Kowa a cikinmu ya taɓa jin irin wannan labari. Magidanci ya yini a bakin rijiya yana shayar da dabbobinsa. Ya ci tuwon dare, ya kwanta lafiya lau. Da asuba aka tarar hannu da ƙafa na gefe guda sun mutu, baki ya karkace, magana ba ta fita. Wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce jifa ne. Amma sau da yawa hawan jini ne. Ya daɗe a jikin mutumin, shekara da shekaru, babu wanda ya auna shi.

MENE NE HAWAN JINI?

Ku dubi famfo mai inji inda ake shayar da dabbobi. Inji yana tura ruwa, ruwa yana bin tiyo. In ƙarfin ruwan ya wuce kima, tiyo zai tsage a inda ya fi rauni, inji kuma zai gaji da wuri.

Haka jikin ɗan Adam yake. Zuciya ita ce inji, jijiyoyi su ne tiyo. Zuciya tana bugawa wajen sau dubu 100 a kwana guda. In jini yana dukan bangon jijiya da ƙarfi fiye da kima, dare da rana, shi ne hawan jini. Wurare huɗu ya fi yi wa ɓarna:

1. Ƙwaƙwalwa: jijiya ta fashe ko ta toshe, ɓarin jiki ya shanye.
2. Zuciya: ta gaji, mutum ya riƙa haki, ƙafafu su kumbura.
3. Ƙoda: ta kasa tace jini.
4. Ido: gani ya ragu.

A lura, hawan jini ba yawan jini ba ne. Saboda haka ƙaho da tsaga ba sa sauko da shi. Kuma ba ciwon masu ƙiba ko na mutanen birni kaɗai ba ne. Siririn makiyayi ma yana iya samunsa, musamman in shekaru sun ja, ko in akwai shi a dangi.

Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin kome a jikinsu. Hanya guda ce ta gane shi: awo.

MU KOYI KARANTA LAMBAR AWO

Likita yana ɗaura wani ƙyalle a dantse, ya hura masa iska, ya duba lamba. Babu allura, babu zafi. Sai ya rubuta lamba biyu a karne, kamar haka: 12/8. Ta farko ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse. Ta biyu ƙarfinsa ne lokacin da ta saki. Injin awo na zamani yana ƙara sifili, ya nuna 120/80. Duk abu ɗaya ne.

12/8: lafiya lau.
14/9 ko fiye: jini ya hau. A sake awo wata rana. In lambar ba ta sauka ba, hawan jini ne.
18/12 ko fiye: haɗari. Kada a bar gidan likita sai an yi magani.

Ko ɗaya daga cikin lambobin biyu ce ta hau, jini ya hau. Kafin awo a zauna a huta minti 5. Kada a sha shayi ko taba gab da awo. Ga amfanin karatu ke nan: kai da kanka za ka duba karnenka, ka san inda kake.

ABIN DA BINCIKE YA GANO

Likitoci ba da ka suke wannan magana ba. An yi shekaru ana bincike.

A shekarar 1948, a wani gari na Amurka mai suna Firamingam, likitoci suka rubuta sunayen mutum 5209. Suka riƙa auna su bayan kowace shekara biyu, har tsufansu. Suka ga waɗanda jininsu ya hau sun fi sauran kamuwa da ciwon zuciya da shanyewar jiki.

Sai aka yi tambaya: in an sauko da jinin, mutum zai tsira? A 1967, a Amurka ɗin dai, aka bayyana wani gwaji da aka yi da maza 143 masu hawan jini mai tsanani. An ba 73 maganin gaske. An ba 70 ƙwaya maras magani a ciki, don a gwada. Cikin 70 ɗin nan, mutum 27 suka gamu da mummunar matsala, wasu har suka rasu. Cikin 73 masu shan magani kuwa, mutum 2 kawai. Da likitoci suka ga haka, suka tsai da gwajin, suka ba kowa magani.

A Afirka ma an yi namu. A 2019 aka bayyana gwajin da wani likita na Abuja, Dike Ojji, ya jagoranta. An yi shi da mutum 728 a ƙasashe 6, har da maƙwabciyarmu Najeriya. An gano cewa in an haɗa ƙwayar da ake kira amlodifin da wata ƙwaya ta biyu, jinin baƙar fata ya fi sauka. To, in likita ya ba ka ƙwaya iri biyu, kada ka sha ɗaya ka aje ɗaya.

A nan Nijar, Ma'aikatar Lafiya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, sun bi gida gida suna awo a 2007, suka sake a 2021. Duka biyun sun nuna cewa cikin manya 5, fiye da 1 yana da hawan jini. A 2023 OMS ta ce a duniya baki ɗaya, kusan rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba.

GISHIRI DA KANWA

Mutumin Damargu ya san darajar gishiri. Ta ƙasarmu ayarin raƙuma ke bi da kantu da beza na Bilma da Fashi. Makiyayi ya san dabbar da ta lashi gishiri tana shan ruwa da yawa. Haka mutum ma. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa jijiyoyi nauyi, jini ya hau.

OMS ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wannan bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kuma a cikin lissafin har da gishirin da ba a gani. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini, ko a miya, ko a kunu, ko wadda ake haɗawa da taba a tauna.

An gwada maganar gishiri a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da mutum kusan dubu 21. Rabin ƙauyukan suka ci gaba da gishirinsu. Sauran aka ba su wanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin da muka sani, aka cika da wani sinadari mai suna fotasiyam. Bayan shekara kusan 5, a 2021, aka ƙirga. Inda mutum 100 za su shanye, sai 86 suka shanye. Ƙaramin canji a tukunya ya tsirar da mutum 14.

Uwargida, wannan aiki a hannunki yake. Ki rage gishiri kaɗan kaɗan, cikin ƴan makonni harshe zai saba. In kin sa magi, ki rage gishiri. Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da tumatir suna ba miya ɗanɗano. Maigida, kai kuma kada ka yi faɗa don miya ta yi lami, kada ka barbaɗa gishiri a kan akushi. Fura da nono, wake, zogale, yakuwa da kabewa abinci ne mai kyau ga zuciya. Taba kuwa, ta sha da ta tauna, a bar ta. Sukarin shayi ma a rage.

MAI CIKI DA MAI JEGO

Jini yana iya hawa ga mai ciki, ko da yarinya ce mai cikin fari. In ba a gane ba, yana kawo jijjiga, a rasa uwa ko ɗa. Don haka ake auna dantse a kowane awon ciki. Mai ciki da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ta ga fuska da hannuwa sun kumbura, ko ido yana yi mata hazo, a kai ta gidan likita ran nan.

A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana binciken da suka yi a Zariya a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Suka zargi kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Najeriya ya nuna ba kanwa ce tushen ciwon ba. Rama da hawan jinin ciki suna da hannu a ciki. Duk da haka kanwa mai yawa tana ƙara wa zuciya kaya. Mai jego da ke haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba kunu take bukata ba, likita take bukata.

MAGANI BA NA MAKO GUDA BA NE

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mutum ya sha ƙwaya wata guda, lamba ta sauko zuwa 13/8, sai ya ce ya warke. Ƙwaya ce ke riƙe da jinin, kamar yadda dabaibayi ke riƙe da raƙumi. Ran da aka kwance, ya tafi. Ga mafi yawan mutane, shan maganin har iyakar rai ne.

Ƴan'uwa makiyaya na Tenhiya, ku da kuke nisa da gidan likita in damina ta sauka, ga shawara. Kafin ku tashi, ku je a auna ku. Ku gaya wa likita wata nawa za ku yi, don ku tafi da ƙwayar da za ta isa. Ku aje ta inda rana da ruwa ba za su taɓa ta ba. Karne ya zauna cikin jaka kullum, don kowane likita ya karanta sunan maganin. Kada a sayi ƙwayar tebur a kasuwa. Kada a sha ta wani, ko a ba wani taka. Kuɗin ƙwaya ya fi sauƙi a kan jinyar mutumin da ya shanye. Rigakafi ya fi magani.

In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya ɗaure da ciwo, kada a jira gobe. A nemi mota zuwa gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Tanut, ko babban asibitin Damagaram. A yi addu'a a kan hanya.

Kowane babba, namiji ko mace, ya auna ko da sau ɗaya ne a shekara. Ranar kasuwa ta isa. Ranar 17 ga watan Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya, amma kada a jira ta.

TAMBAYOYI DON CIBIYA

1. Waɗanne wurare huɗu hawan jini ke ɓatawa?
2. An rubuta wa mutum 16/10 a karne. Jininsa ya hau ko bai hau ba?
3. Me ya sa ƙaho ba ya maganin hawan jini?
4. Lissafi: mutum yana shan ƙwaya 1 kowace rana. Zai tafi kiwo wata 4, kowane wata kwana 30. Ƙwaya nawa zai tafi da ita?
5. Mutum nawa ne a cibiyarku suka taɓa awo? Malam ya rubuta adadin a allo. Bayan wata guda a sake ƙirgawa, ku aiko wa jaridarku da sakamakon.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.